Tsintsiyar Inna a Gindin Duwatsun Vanoise

Shekara ta zagayo da yin tafiyar nan, amma har yau ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a tashar taram, jirgin nan na cikin gari, har a wurin aiki lokacin shan shayi, sai wani ya jawo ni gefe ya ce, "Wai da gaske ne ka kai tsohuwa daji ta kwana a ƙasa?" Alhaji mai nama na unguwarmu ma cewa ya yi da a garinmu Damagaram na yi haka, da dangi sun zauna a kaina. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya karanta sai ya bar ni in sha shayina.

Ni direban injin ɗaga kaya ne a wani babban sito a Vénissieux, gefen Lyon. Muna zaune a unguwar Minguettes, can saman ɗaya daga cikin dogayen benayen nan, ni da matata Ramatu da 'ya'yanmu mata biyu, Nafisa da ƙanwarta Zara. Kwanan tanti kuwa wani abokin aikina ɗan Fotugal ne ya koya mini, tun yaran suna ƙanana. Duk watan Agusta mukan loda mota mu nufi wani gandun daji, mu kafa tanti a filin da aka ware don haka, wanda mutanen nan ke kira kamfin. Aikin safe ya riga ya lalata mini barci, ko ina hutu idona kan buɗe tun duhu bai yaye ba. A gida wannan masifa ce, amma a daji sai ya zama abin taƙama. Nakan yi salla, in ɗora ruwa a risho, sannan in bi tanti ina tada mutane don mu je mu ga dabbobi kafin rana ta kore su. Nafisa ta taɓa ce mini ni kaɗai ne uban da ke kai iyalinsa hutu don ya hana su barci.

Mahaifinmu ya rasu ina kan injin. Waya ta yi ƙara a aljihuna, na tsaya tsakanin kwalaye na ɗauka, kuma kafin in gama fahimtar abin da ake faɗa mini an riga an kai shi makwancinsa. Tun ranar na ƙudura a raina ba zan sake karɓar irin wannan waya a kan Inna ba. Tana fita takaba muka nema mata takardu, ni da ƙanena Laminu, muka kawo ta. Tana da ciwon sukari, gidanmu na Zinder, wato Damagaram, kuma babu kowa a ciki sai wata 'yar ƙanwarta da yaranta. Abin da nake so shi ne ta zauna tare da mu har iyakar abin da Allah ya ɗibar mata. Mun sami hanyar yin hakan, abin da ya rage kawai shi ne ta ce ta yarda.

Matsalar ita ce ni ɗan farinta ne. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. Ko muna ɗaki ɗaya, sai ta dubi Ramatu ta ce, "A gaya wa mai gidan nan maganina ya kusa ƙarewa." In yara ne a kusa, ni ne "babanku". In Laminu ne, "yayanka". Shi kuwa Laminu auta ne, da shi take hira da dariya, har ta kai masa duka da mayafi. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka na taso na gani. Sai dai mutumin da ba ya yi maka magana, da wuya ka san abin da ke ransa.

A Paris ta sauka, Laminu ya tarbe ta, don shi a Aubervilliers yake aiki, a sitocin 'yan sari. Ya ce a filin jirgi wani ma'aikacin kwastan ya zaro tsintsiya daga jakarta, ya juya ta sama da ƙasa, ya shinshina, ya kira abokinsa su duba tare. Inna ta tsaya tana kallonsu, ta ce wa Laminu, "Tambaye su ko ba su da uwa a gida." Tsintsiyar ta iso Lyon lafiya, amma ba ta sami aiki ba. Daɓen gidanmu leda ce mai santsi, kuma Ramatu na da injin zuƙe ƙura. Inna ta gwada sau ɗaya, ba ta tara ko cikin cokali ba, ta jingine ta bayan ƙofa.

Da farko tana leƙa taga tana mamakin yadda mutane suka koma kamar tururuwa. Daga baya ta daina. Asansar, akwatin nan mai hawa da sauka da mutane a bene, ba ta yarda da shi ba, matakala kuma gwiwa ba ta bari. Sai ya zamana in ta yi sallar asuba a zaune, ta koma ta kwanta ta juya wa bango fuska har azahar. Matar da a gida ba wanda ya taɓa riga ta tashi. Likita ya auna komai ya ce sukarin ma ya fi da daidaituwa, jiki lafiya lau. Duk lokacin da Ramatu ta kawo mata maganar zama, sai ta ce, "Allah ya kai mu," ta ja bargo.

Da Agusta ta matso, Ramatu ta ce bana a haƙura da daji. "Me mutane za su ce? Mun kai Inna ta kwana a ƙasa kamar ba mu da gida?" Na ce a tambaye ta. Aka tambaye ta, ta ce, "Duk inda aka kai ni." Wannan amsa ta fi ba ni tsoro fiye da a ce ta ƙi, shi ya sa na ce a shirya.

Laminu ya biyo jirgin ƙasa daga Paris da wani ƙaton tanti da ya samo a wurin aikinsu. Ya ce ɗaki uku ne da falo, irin na manyan mutane. Muka ɗaure shi a kan mota, muka cusa tukwane da barguna da garin kunu da kilishi da dambun da Ramatu ta yi, muka kama hanyar Chambéry. Inna na gaba kusa da ni, amma fuskarta na wajen taga. Duk ramin da hanya ta shiga cikin dutse sai ta kama salati, ba ta tsayawa sai mun ga haske. Bayan na uku ta waiwaya ta ce wa Laminu, "Tambayi yayanka, mutanen nan ba su iya kewaya dutse ba ne?" Laminu ya tambaye ni, na ba shi amsa, ya mayar mata, alhali gwiwata na kusan taɓa tata.

Da muka bar babbar hanya muka fara hawa, sai kwana a kan kwana. Zara ta amayar da abin da ta ci a kan takalmin Laminu. Muka tsaya gefen wani makiyaya don a wanke, shanu na kiwo da ƙararrawa a wuya. Inna ta daɗe tana kallonsu ta cikin gilashi. Ta ce shanu ba tozo, ƙaho kamar na ɗan akuya, amma hantsa kamar tulu. Wannan ce magana mafi tsawo da na ji ta yi cikin watanni.

Gandun Vanoise ba shi da shinge ko ƙofa, iyakarsa wani allo ne mai hotuna, kowane an ja masa jan layi. Nafisa ta tsaya tana fassara wa kakarta da Hausarta mai ɗingishi: ba a hura wuta, ba a tsinke fure, ba a shiga da kare, ba a ɗaga murya. Inna ta ce, "To me ake zuwa yi?" Nafisa ta ce, "Kallo, Kaka. On regarde." Filin tantunan yana wajen iyakar, a gefen wani ƙaramin ƙauye, ƙarƙashin dogayen itatuwa masu ganye siriri kamar allura. Wata mace mai gajeren gashi da jajayen kumatu ce ke kula da wurin. Ta nuna mana namu fegin a tsakiyar mutane, ta kuma nanata mana cewa daga dare har hantsi ba a son jin motsin kowa.

Tantin Laminu ya cinye mana yammacin nan. Takardar bayaninsa da rubutun Sin take, sanduna kuma ɗaya babu. Ɗaki ukun suka koma biyu, falon ya zube ta gefe kamar rumfar da iska ta taɓa. Muna ta fama, Inna na zaune a kan tabarma tana nazarin maƙwabta. Ga wani dattijo da gajeren wando yana wanke kwano ɗaya da cokali ɗaya. Ga mata da miji suna cin abinci daga gwangwani, a tsugune. Ga wasu sun dawo daga dutse kowa da sanduna biyu, ba kuwa gurgu a cikinsu. Ta kira Ramatu ta yi ƙasa da murya. "Waɗannan bayin Allah, yaƙi aka yi a garinsu?"

"A'a Inna, hutu suka zo. Wasu ma likitoci ne, suna da manyan gidaje."

"Suna da gida?"

"Suna da shi."

Can Inna ta ce a ɗiba wa dattijon nan dambu duk da haka.

Washegari na farka kamar kullum, ina jin daɗin cewa ni ne na farko. Sanyi na cizon hanci, cikin tanti duhu. Sai na ji wani sauti daga waje, shaf, shaf, shaf, a hankali, ba gaggawa. Na yi kwance ina saurare, don rabona da jin wannan tun ina saurayi a gidanmu na unguwar Birni a Zinder. Na zuge zif na leƙa. Inna ce a duƙe, hannu ɗaya a bayanta, ta ɗaura zane a kan rigar sanyin Ramatu. Ban san lokacin da ta sa tsintsiyar a cikin kaya ba. Ta share gaban tantinmu tas, ta share hanya, ta wuce gaban tantin maƙwabta na dama da na hagu. Takalmansu da suka watsar ta jera su biyu-biyu, wanda ya kife ta birkice shi. Busasshen ganyen ta tara shi tsibi guda, ƙasa ta fito baƙa da zanen tsintsiya a kanta kamar kitso.

Ta gan ni, ta kau da kai. Babu wanda za a aika, don kowa na barci. Ta dubi tsibin ta ce wa iska, "Da akwai ashana da an ƙone." Na shiga tanti da sauri na tura ashanar cikin aljihuna.

Da hantsi mai kula da fili ta iso, maƙwabcinmu na dama na biye da ita, wani dogo mai tabarau da lambar Paris a motarsa. Bai yi faɗa ba, su ba sa faɗa, sai dai su yi maka bayani har ka gwammace faɗan. Ya ce shekara guda yana jiran wannan barcin. Ya ce ya farka ya ji wani abu na zagaya tantinsa, ya ɗauka dabba ce, matarsa ta riƙe masa hannu. Ya ce kuma ba ya son a taɓa masa takalmi. Mai kula da filin ta ƙara da cewa ganyen nan da gangan ake barinsa, shi ke hana wurin zama taɓo in an yi ruwa. In aka sake kawo ƙara, sai dai mu nemi wani wuri. Na ba da haƙuri da duk Faransancin da nake da shi, na kwashi tsibin na mayar na baza, Inna na kallo.

"Me ya ce?" ta tambayi Laminu.

"Ya ce kin tada shi daga barci, Inna."

"Rana ta kusa hitowa yana kwance? Ba shi da lahiya ne?"

Ramatu ta ja ni bayan mota ta ce a ɓoye tsintsiyar a ƙarƙashin kujera, a ce ta ɓata. Laminu ya goyi bayanta, don shi bai ƙi a bar shi ya yi barci ba. Na ce a'a. Matar da ta yi watanni tana kallon bango ta tashi da kanta ta riga ni fita, ba ni zan mayar da ita kwance ba. Na koma wurin mai fili na yi mata bayani iya yadda zan iya. Mace ce mai kirki. Ta ce in shara tsohuwar ke so, ga gaban ɗakin wanka can, nesa da masu barci, ta share yadda ta ga dama. Nafisa ta kai saƙon. Inna ta ce a gaya wa matar ita ba 'yar aikin gwamnati ba ce, mutum ƙofarsa yake sharewa da ta maƙwabcinsa.

A ƙarshe aka ba mu wani fegi can ƙarshen fili, bakin rafi, inda ba mai so saboda sanyi da nisan bayi. Ruwan na saukowa daga ƙanƙarar dutse da ƙarar da ko ganga ka buga ba mai ji. Muka sake kwance tantin Laminu, muka ɗauke shi a kai mu huɗu muka ratsa fili, Turawa na ɗaga mana kofi. Wannan karon ɗakunan biyu ma da ƙyar suka tsaya.

Maƙwabcinmu a can mutum ɗaya ne, dattijon nan mai kwano ɗaya da aka kai wa dambu, ashe shi ma ya komo ƙarshen fili. Ɗan Holan ne, Faransancinsa bai fi Hausar Zara ba. Shi ma ba ya barcin safe, yakan fito da kujerarsa da madubin hangen nesa ya zauna jiran tsuntsaye. Da Inna ta iso gaban motarsa da tsintsiya, sai ya miƙe ya ɗaga kujerar sama, ya tsaya riƙe da ita har ta gama, sannan ya ajiye ya ɗan rusuna. Ta ce masa, "Ina kwana." Ya faɗi wani abu da yarensu. Ta ce, "Lahiya lau." Kullum haka. Ta aika masa kunu, ya aiko da wani yankin cuku mai wari. Ta gutsura ta ce na Buzaye ya fi shi, amma ta cinye. Ta gaya wa Ramatu cewa a duk filin nan shi kaɗai ne aka yi wa tarbiyya.

Kwanakin da suka biyo baya Inna ta karɓe mini sarauta. Kafin in idar da salla ta gama shara, ta ɗora kunu, ta shiga tada yara. Ni da nake lallashi, ita janye bargo take yi. Nafisa na ƙunƙuni da Faransanci, kakarta na ce mata, "Tashi ƙawata, mijin da zai aure ki ya riga ya kai gona." Wata safiya muka hau da ita cikin gandun, a hankali, tana dogara sandar da dattijon ya ara mata. Wasu dabbobi masu kama da gafiya mai ƙiba suna ta yi mana fito daga bakin ramukansu. Da rana ta taɓa kan duwatsu muka hango awakin dutse a tsaye a kan gangare, manya, da ƙahoni kamar baka. Su nake tada iyalina mu gani duk shekara. Na miƙa wa Zara madubi ta ba kakarta. Inna ta duba ta ce, "Na wane ne?" Aka ce ba na kowa ba ne. Ta ce, "Asara," ta mayar da madubin, ta koma kallon wata mata da ke shanya a ƙofar bukkar makiyaya can ƙasa.

Ni dai raina fari ƙal. Tana ci, tana tsokanar Laminu, har waƙar daka na ji tana yi ƙasa-ƙasa wajen wanke kofuna. Na ce wa Ramatu magani ya samu: ƙasa take so ta taka. In mun koma zan nemi a sauya mana gida zuwa hawa na ƙasa, in kuma sa suna a layin masu neman 'yar gonar lambu da hukumar gari ke bayarwa. Muka shirya cewa a hanyar komawa Ramatu za ta sake kawo mata maganar zama. Har na fara tunanin inda za a sa gadonta.

Safiyar da za mu tashi, na fito na same ta ta riga ta gama. Dattijon ya tafi tun jiya, wurin motarsa fayau, amma ta share shi duk da haka. Tana zaune a kan wani dutse a bakin rafi, tsintsiyar a kan cinyarta, tana gyara ɗaurin. Gari ya fara yin fari-fari. Na ɗora ruwa a risho, na tsuguna nesa kaɗan kamar yadda na saba, na gaishe ta. Ta amsa wa rafi. Na ɗauka shi ke nan.

Sai ta ce, "A gaya wa mai gidan nan na gode."

Na waiwaya. Zif ɗin tanti a rufe, Laminu na minshari. Ba kowa sai ni.

"A gaya mishi na san abin da ya sa ya kawo ni ƙasar nan, kuma Allah ya yi mishi albarka. Da ina can sama na ɗauka mutuwa ce ta zo, na kwanta ina jiranta. Ashe ba ita ba ce. Tunda ga shi na tashi, a gaya mishi ya nema mini jirgi."

Na ce, ina kallon risho, "Za a nemi gida a ƙasa, Inna. Da ɗan fili a gaba. Har lambu."

"In na share, wa zai wuce?" Ta ja zaren da haƙori ta ɗaure. "A can kahin in kai bakin zaure, Hajiya Abu ta leƙo, mai koko ta aza tukunya, an san na kwana lahiya. Ran da ba a ji tsintsiyata ba, kahin rana ta hito an shigo an duba ni. Nan kuwa sai a kira mini mai hili."

Ruwan ya tafasa yana zuba a kan wuta, ban sauke ba. Ina da maganganu da yawa da na tanada, na likita da na magani da na nisan hanya, amma duk na tanade su ne don bakin Ramatu. Abin da ya fito daga nawa shi ne, "Ba ya son ya sake ji a waya."

Sai ga shi, karo na farko da nake iya tunawa, ta juyo ta dube ni sosai, ido cikin ido, kamar mai duba ko yaro ya wanke fuska.

"A gaya mishi ya yi haƙuri," ta ce. "Ko ina ɗakinshi, ranar yana wurin aiki. A waya zai ji."

Na ce, "Za a gaya masa."

Na sauke ruwan na zuba shayi, na kai mata kofi, na shiga tada yara. A hanyar komawa Ramatu ta yi gyaran murya za ta fara maganar da muka shirya, na girgiza mata kai ta madubi. Inna ta yi salatinta a kowane rami har muka iso Lyon.

Ta tafi kafin sanyi ya shigo. Laminu ya raka ta har gida. Tsintsiyar ba ta bi ta ba, tsakuwar Vanoise ta cinye ta saura guntu, kuma ta ce ba a kai tsintsiya Damagaram. Na ji zafin tafiyarta ƙwarai, kuma har yau in waya ta yi ƙara ina kan injin, sai na tsaya na karanta sunan mai kira kafin in ɗauka.

Bana mun koma fili ɗaya, na roƙi fegin bakin rafi, mai fili ta ba ni tana dariya. Da muka kwance jakar tanti sai ga guntun tsintsiyar a naɗe a ciki, ban san ko Ramatu ce ta sa ko Inna ba, ban kuma tambaya ba. Na jingine ta a bakin ƙofa. Da asuba na fito ni kaɗai, na sake zama na farko. Lokacin da gari ke wayewa a kan duwatsun nan, a Zinder an idar da salla ke nan. Na hau kan dutsen da ta zauna, inda waya ke kamawa, na kira Inna.

Ta ɗauka. Na gaishe ta, ta ce a gaida mutanen gidan. Na ce suna barci. Ta ce to. Ba ta da abin da za ta ce mini, ni ma haka, amma ba ta kashe ba. Na ji ta ajiye wayar a kan wani abu, ina jin turmi ne. Sai ga shi, shaf, shaf, shaf, yana nisa yana dawowa. Can wata murya daga bakin zaure ta ce, "Inna, an tashi lahiya?"

Na toshe ɗaya kunnen saboda ƙarar rafi, na zauna ina saurare har ta kai ƙofa. Ranar ban tada kowa ba, awakin dutse suka yi kiwonsu ba mu.